Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Kamun Kifi Ta Ghana: A Riƙa Auna Tekunmu, A Riƙa Sanar Da Zango

Mai girma Minista, da shugabannin Hukumar Kamun Kifi ta Ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu 'yan Zangon Accra ne daga Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina. A cikinmu akwai malaman kimiyya, akwai masu aikin gwajin ruwa, akwai kuma iyayenmu mata da ke saro kifi daga Tema, Jamestown da Chorkor. Buƙatarmu ɗaya ce: awon teku da tafkunan bakinsa ya zama aikin gwamnati na dindindin mai kasafin kuɗinsa, ba aikin da ke tashi idan tallafin waje ya zo ya kwanta idan ya ƙare ba. Sakamakon kuma ya riƙa fitowa fili a kan kari, har da harshen Hausa.

Wani zai ce ina ruwan Zango da teku, tunda ba mu da kwalekwale ba mu da koma. Abu biyu ya haɗa mu da shi, kwata da tukunya. Babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi kogin Odaw take zuba wa ruwa, Odaw ta ratsa Circle (shataletalen Kwame Nkrumah) da Agbogbloshie ta faɗa tafkin Korle, Korle kuma ta amayar cikin teku tsakanin Jamestown da Korle Gonno. Ledar fiya-wata da aka yar a Nima ranar da aka yi ruwan sama, gobe tana iya kasancewa cikin komar masunci. Ta ɓangaren tukunya kuwa, kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da 'yan Ghana ke ci daga kifi yake fitowa, kuma a gidan talaka kifin nan amane ne. Shi ake daka wa shito na wake da shinkafa, shi ake sa wa miyar tuwon zafi. Idan amane ya yi tsada, mai sayar da abinci a bakin titin Nima ce take fara sani.

Mu fara da amanen, don a nan matsalar ta fi girma. Abin da kasuwa ke kira amane iri biyu ne a wurin masana, mai zagayayyen jiki da mai faɗin jiki, kuma rayuwarsu a rataye take da tasowar ruwan sanyi daga ƙasan teku. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama ɗauke da sinadaran abinci, ƙananan halittun da kifin ke ci su yawaita, kifin ya taru kusa da gaɓa ya yi ƙwai. Akwai ƙaramar tasowa wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wato lokacin da masunta suka fi samun kamu shi ne dai lokacin da kifin ke ɗauke da ƙwai. Alƙaluman da aka wallafa sun nuna amanen da aka sauke a gaɓar Ghana ya faɗo daga kusan tan 135,000 a 1996 zuwa kusan tan 29,000 a 2016. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kwalekwale sama da 12,000 a kan kifin da ke raguwa, koma mai ƙananan idanu, kamun dare da fitila inda ake saukar da kwan lantarki cikin ruwa da janareta kifi ya taru babba da yaro, da kuma saiko, wato manyan jirage su kama ƙananan kifin da ba nasu ba, su daskarar da shi fala-fala su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku. Binciken ƙungiyoyin kare muhalli EJF da Hen Mpoano ya ƙiyasta saiko na 2017 kaɗai a kusan tan 100,000. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021.

Doka kuwa akwai ta. Ƙa'idojin kamun kifi na 2010 sun hana kamu da fitila, sun kuma ce kada a sauke amanen da bai kai santimita 18 ba, don ya samu ya yi ƙwai ko sau ɗaya kafin ya shiga koma. Sabuwar dokar 2025 ta faɗaɗa yankin da aka hana manyan jirage shiga daga mil 6 na teku zuwa mil 12, kuma mun yaba da wannan. Amma ta yaya za a san ko dokar tana aiki? Sai da awo, kuma awon da za a yarda da shi yana da sharuɗɗa.

A kowace babbar mashigar kwalekwale, Tema, Nungua, Teshie, Jamestown, Chorkor da Bortianor, ana buƙatar mai ɗaukar bayanai da allon awo mai zanen santimita, da sikeli, da wuƙa, da littafi ko waya. Samfurin kifi a ɗauke shi daga cikin kwalekwale kafin mata su fara warewa, domin da zarar an ware manya gefe ƙanana gefe, duk abin da aka auna ƙarya zai faɗa. A ɗebi bokiti daga tsakiyar kamun, a raba iri biyun nan, a auna kamar guda 100 ɗaya bayan ɗaya. Kowa kuma ya yi awon iri ɗaya: idan na Tema yana aunawa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, na Chorkor yana tsayawa a inda wutsiyar ta rabu biyu, alƙalumansu ba za su haɗu ba. A farke kamar guda 30 a duba ciki, a rubuta nawa ne masu ƙwai cikakke, nawa ne suka riga suka zubar, nawa ne ba su balaga ba. Daga nan ne ake sanin makon da haihuwa ta kai ƙololuwa a kowace shekara, ba daga kalanda ba.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne nauyi. A bakin teku ba a cinikin kifi da kilo, da daro da akwati ake yi, kuma daron Jamestown ba lalle ya zama daidai da na Elmina ba, tulinsa ma yakan canja da yanayin kasuwa. Idan ba a riƙa ɗora daron a sikeli lokaci-lokaci ana gyara lissafin ba, kuskuren zai ninku har ya kai ga alƙaluman ƙasa. Sannan kwalekwalen da ya yi kamun fitila yakan sauke kaya tun kafin gari ya waye. Mai ɗaukar bayanan da ke zuwa ƙarfe takwas, ko wanda aka yi watanni ba a ba shi kuɗin mota ba, zai cike takarda ne da abin da aka gaya masa.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowane mai yanke hukunci ya sani. Amane kifi ne mai tafiya garke-garke. Ko da yawansa ya ragu ƙwarai, ragowar sukan dunƙule wuri ɗaya, masunta kuma, da waya da injin mai ƙarfi da fitila, sukan gano su. Don haka kamun kowace fita yana iya zama da kyau har dab da rushewa. Shi ya sa lissafin bakin gaɓa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da jirgin bincike mai na'urar aika sauti ƙarƙashin ruwa, ya bi layuka daga iyakar Kwaddibuwa zuwa iyakar Togo yana ƙiyasta kifin da ke cikin ruwa. Jirgin Dr. Fridtjof Nansen na Norway, ƙarƙashin shirin FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yakan zo ya yi wannan aiki, amma jirgin ƙasashe da yawa ne, ba ya zuwa a ranar da muke so. Sashen binciken kimiyya na Hukumar da ke Tema ya kamata ya samu kuɗin yin irin wannan zagaye kowace shekara a wata ɗaya tsayayye, ko da hayar jirgi ne, tare da malaman Jami'ar Ghana da ke Legon da na Jami'ar Cape Coast. Zagayen da aka yi bana a Agusta, baɗi a Maris, ba za a iya kwatanta su ba.

Tarihin rufe teku, wato hana kamun kifi na wani lokaci don kifi ya hayayyafa, ya nuna illar yanke hukunci ba da awon da kowa ya gani ba. A 2018 aka sanar da rufewa a Agusta, watan da masana suka ba da shawara, masunta suka ƙi, aka ɗage. A 2019 aka rufe wa kwalekwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da haihuwa ba ta kankama ba. Daga 2021 aka koma Yuli. A 2025 aka keɓe masu kwalekwale daga rufewar, aka bar ta a kan manyan jirage. Ba mu raina kukan masunta ba: Agusta watan bikin Homowo ne ga 'yan'uwanmu 'yan ƙabilar Ga, kuma watan da ake biyan bashin man inji. Mutanen da suka riƙe hutun ranar Talata tun kaka da kakanni ba baƙin hutar da teku ba ne. Abin da suke tambaya, kuma suna da gaskiya, shi ne mene ne rufewar ta haifar. Amsar tana cikin littafin masu awo: tsawon kifi kafin rufewa da bayanta, da yawan 'ya'yan kifin da suka bayyana bayan wata huɗu zuwa shida. A fitar da wannan a allo a kowace mashiga. Mu dai ra'ayinmu, rufewar wata ɗaya ba ta da amfani idan ranar buɗewa aka koma da fitila da ƙaramar koma, don kifin da aka bari ya yi ƙwai za a kwashe 'ya'yansa kafin su kai santimita 10.

Sai maganar Korle. Mun san tafkin ba a hannun ma'aikatarku kaɗai yake ba, akwai Hukumar Kare Muhalli, akwai hukumomin birni, akwai ma'aikatar ayyuka. Amma tafkin bakin teku wurin renon kifi ne. Jatanlande, ƙaguwa, karfasa da wasu kifayen teku a irin wannan ruwa mai gauraye suke girma kafin su fita. Korle a da haka take, yau kuwa warinta ke fara yi wa mai wucewa sallama. Ruwa ba ya tsami banza: bayan gida da ruwan wanki da jinin mahauta suna shiga, ƙwayoyin cuta suna ruɓar da su, ruɓewar kuma tana cinye iskar oksijin da ke narke cikin ruwa. Kifi yana son kamar miligiram 5 a lita, idan ta sauka ƙasa da 2 sai gudu ko mutuwa. An ƙaddamar da aikin farfaɗo da Korle tun wajen shekarar 2000, an yi yasa sau da dama. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 da ta ci rayuka kimanin 150 a Circle, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don aikin GARID na rage ambaliya a kwarin Odaw, wanda Nima na cikinsa. Duk wannan kuɗi, amma ɗan Nima ba shi da inda zai duba ya ga ko ruwan ya fi na bara.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. A tsayar da wuraren ɗaukar ruwa da ba sa canjawa: bakin kwatar Nima, Odaw a Alajo, Circle, gadar Agbogbloshie, tsakiyar tafki, bakin tafki, da gaɓar Jamestown da Korle Gonno. A auna oksijin, zafi, gishiri, gurɓacewar launi da ƙwayoyin cutar bayan gida sau biyu a wata. Oksijin da asuba ake aunawa, don da rana gansakuka na fitar da iska ta rufe matsalar, da dare kuma ta shanye ta. Wanda ya auna da azahar zai kawo labari mai daɗi wanda ba gaskiya ba. A bakin tafki a rubuta ko teku na cikowa ne ko yana janyewa, in ba haka ba ruwan teku aka auna ba na Korle ba. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta ta zama dafaffiya, a sa ta cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida, kuma duk wanda ya san cunkoson Circle ya san dole a tsara hanya tun da wuri. Na'urar awo a daidaita ta kowace safiya, don a ruwa mai maiƙo bakinta yakan toshe ta riƙa ba da lamba ɗaya duk inda aka tsoma ta. Ruwan saman farko bayan rani shi ne mafi muni, shi ke wanke dattin watanni a yini guda, don haka a tanadi masu fita a ranar ko da Lahadi ce.

Laka ma a gwada ta. An rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a Yulin 2021, lokacin da aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku, amma dalma da tagulla da sauran ƙarafan da ƙona wayoyi ya bari suna nan cikin ƙasa da lakar tafkin. Idan aka yashe laka aka jibge ta a bakin ruwa, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita. A gwada ta kafin yasa, a kai ta wurin da aka shimfiɗa wa abin hana tsiyaya. Shingen tare shara mai yawo a kan ruwa yana da amfani a bakin manyan kwatoci, da sharaɗin a kwashe shi kullum. Wanda aka bari ya cika da leda da tsummokaran kasuwar gwanjo ta Kantamanto, madatsa ya zama, kuma gidajen talakawa ruwan zai shiga.

Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A bakin kogin Densu, matan Tsokomey, Bortianor da Tetegu masu tsintar kawa sun koyi auna gishiri da zafi da gurɓacewar ruwa da hannunsu, da taimakon ƙungiyar sa-kai ta DAA da masanan Jami'ar Cape Coast. Sun ga yadda sakin ruwan madatsar Weija ke rage gishirin kogin, sun ga girman kawar yana raguwa, daga 2017 kuma suka rufe wa kansu tsinta wata biyar, Nuwamba zuwa Afrilu. Suna mayar da ɓawon kawa cikin ruwa domin 'ya'yan su samu abu mai tauri da za su manne, suna dasa mangurof, itacen da ke tsiro a ruwa mai gishiri, a bakin kogi. Babu soja babu ɗan sanda, rufewar ta riƙu, saboda masu rufewar su ne masu awon. Aikin ya taso ne ƙarƙashin tallafin Amurka, shi ya sa muke cewa gwamnati ta ɗauki nauyin na'urorinsu da horonsu. Densu ɗaya ce cikin wurare biyar na bakin teku da Ghana ta sa a jerin Ramsar, jerin dausayin da duniya ta amince a kare, a 1992, tare da Sakumo, Songor, Keta da Muni-Pomadze. Sakumo, tsakanin Accra da Tema, gine-gine na cinye ta, kuma hoton tauraron ɗan'adam na kowace shekara zai nuna wa kowa taku nawa aka ci.

Game da dashen mangurof, gargaɗi ɗaya: a daina ƙirga nasara da yawan abin da aka dasa ranar biki. Jan mangurof mai saiwoyi kamar ƙafafu yana son inda ruwa ke shiga yana fita kullum, baƙin kuwa ya fi jure tudu da gishiri mai yawa. Wanda ya dasa ja a tsakiyar laka mai zurfi, ko a wurin da hanya ta toshe shigar ruwan teku, asarar iri ya yi. A fara buɗe hanyar ruwa, a soka kashi ɗaya cikin uku na irin a laka da tazarar kamar mita ɗaya, a dawo a ƙirga masu rai bayan wata shida, da shekara ɗaya, da shekara uku. Kuma muddin banda kifi na cin itacen mangurof, kamar yadda kasuwar itacen Anyanui a bakin Volta ke nunawa, sai an taimaka wa mata su koma murhun Ahotor mai rage itace da hayaƙi, da rancen da za su iya biya.

Dalilin da ya sa muka nace a kan Hausa shi ne abin da ya faru a Afrilun 2021, sa'ad da matattun kifi suka cika gaɓar Osu, dabbobin dolfin kuma suka fito gaɓa a Axim. Kafin gargaɗin hukuma ya zagaya, mutane sun riga sun kwasa. Kifin da aka banda ya shiga kasuwa, ba mai iya gane asalinsa. Sanarwar Turanci a shafin intanet ba ta isa wurin Hajiyar da ke sayar da abinci a Mamobi ba. Zango na da hanyoyinsa masu sauri: ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, limaman Juma'a, sarakunan Zango, magajiyoyin kasuwa, shirye-shiryen Hausa a rediyo, da saƙon murya a WhatsApp. A naɗa jami'i ɗaya mai jin Hausa wanda zai fitar da saƙon murya na minti biyu cikin awanni kaɗan idan irin haka ta faru: daga wace gaɓa, wane kifi, kada a saya har zuwa yaushe. Kowane wata kuma a fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa, Ga, Fante, Ewe da Turanci, mai ɗauke da matsakaicin tsawon amane a kowace mashiga, kason da bai kai santimita 18 ba, da awon Korle da gaɓar wanka.

Mu ma akwai namu nauyin, kuma a shirye muke mu ɗauka. Masu saro kifi a cikinmu za su iya riƙe sandar awo mai tsawon santimita 18 a jaka, su ƙi sayen daron da ƙananan suka yi wa yawa, idan hukuma ta raba sandunan ta kuma yi hakan a dukkan kasuwanni lokaci ɗaya, don kada mai bin doka ta rasa ciniki ga maƙwabciyarta. Malaman kimiyya na makarantunmu za su iya ba da ɗalibai manya su riƙa ɗaukar awon zafi da gishiri a wuraren da ba su da haɗari, ƙarƙashin kulawar jami'anku. Za mu nemi limamanmu su yi magana a kan zuba shara da tumbin dabbobi a kwata, musamman a makon Babbar Sallah, amma a ajiye mana manyan kwantenonin shara a bakin kwatar Nima a riƙa kwashe su a kan lokaci, don mutum ba ya daina zubawa a kwata sai yana da inda zai kai.

Muna roƙon ku kira zama a Nima ko Sabon Zango kafin a sanar da tsarin rufe teku na gaba, jami'an sashen bincike na Tema su zo da alƙaluman tsawon amane na shekarun da aka yi rufewa, a bayyana su da Hausa, a kuma gayyaci matan Densu su nuna yadda suke awo. Wurin zama da mai fassara mu za mu tanada.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wasu 'yan Zangon Accra masu aikin ruwa, koyarwa da cinikin kifi